Tsara Bututun Iska a Ƙaramin Gareji: Nazari Bisa Misalin Magudanun Ruwan Kadawa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ake tsara bututun matsattsiyar iska a ƙaramin garejin gida, irin wanda masu faci da makanikai suke buɗewa a yankin Garun Mallam da Kura da Bunkure. Ta ɗauki tsarin magudanun noman rani na yankin a matsayin madubin bayani, domin shi ne tsarin rarraba abu mai gudu da mazauna wurin suka fi sani. Maƙalar ta nuna cewa misalin yana yin aiki a wurare uku, wato faɗin hanya da gangare da fitar da rassa, amma yana ɓatar da mai koyo wajen zaɓen irin bututu, inda kuskure yake iya jawo asarar ido ko rai.

1.0 Gabatarwa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, noman rani ya sauya tattalin arzikin ƙasar Kura da kewaye. Ruwa yana gangarowa da kansa ta babbar magudana, ya ratsa rassa, ya isa gonakin shinkafa da alkama da tumatir, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda aka kafa a 1976. Albarkar wannan noma ta jawo tantan da injinan ban ruwa da manyan motoci masu lodi a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, a kan titin Kano zuwa Zariya. Duk waɗannan suna buƙatar mai faci da bakanike da mai fenti, su kuwa ba su da aiki sai da injin iska.

Galibin masu wannan sana'a suna jan tiyo guda daga tankin injin zuwa duk inda aiki ya faɗo. Idan gareji ya bunƙasa, yara biyu ko uku suna neman iska lokaci guda, sai maigidan ya fara tunanin kafa bututu na dindindin a jikin bango. A nan ne ake buƙatar bayani da Hausa, domin littattafan wannan fanni da Ingilishi suke, koyon sana'ar kuwa baki da baki ake yin sa.

2.0 Kalmomin Sana'ar

Kalmomin garejin sun kasu biyu. Akwai na aro: gareji da faci da bawul da geji da tanki da fenti daga Ingilishi, sai tiyo daga Faransanci. Akwai kuma na gida waɗanda ma'anarsu ta faɗaɗa, kamar bututu da matsi da yoyo da tsatsa da raɓa. Abin lura shi ne, kalmomin aro sunayen kaya ne da ake saye a kasuwa, na gida kuwa su suke bayyana halin da iska take shiga. Saboda haka ba sai an ƙirƙiri sababbin kalmomi masu yawa ba kafin a koyar da tsarin. Abin da ya rage shi ne a samo misalin da zai ɗaure kalmomin wuri ɗaya, kuma magudanun Kadawa sun isa wannan aiki.

3.0 Inda Misalin Yake Aiki

3.1 Faɗin hanya

Manomin da gonarsa take ƙarshen magudana ya san cewa ruwa yana isa gare shi da rauni, musamman idan ciyawa da laka sun ƙuntata hanyar. Haka iska take a cikin bututu: tana goguwa da jikinsa, matsinta yana raguwa gwargwadon tsawon tafiya da yawan kwana. Yawancin kayan aiki masu amfani da iska an ƙera su ne a kan matsin PSI 90, wato bar 6 da ɗoriya. Idan geji ya nuna 90 a bakin tanki, amma 70 kawai ta isa bindigar kwance noti, notin tayar babbar mota ba zai motsa ba, kuma ba laifin injin ba ne.

Faɗin bututu ya fi komai tasiri a nan. Ga adadin iska iri ɗaya, ninka faɗin bututu sau biyu yana rage asarar matsi kusan sau talatin. Don haka a garejin da bai wuce mita 6 da mita 4 ba, babban bututu mai inci uku bisa huɗu ya wadatar, rassa kuma su kasance rabin inci. Idan aka kewaya ɗakin da bututun har ƙarshensa ya dawo ya haɗu da farkonsa, kowane reshe zai sami iska ta ɓangare biyu, sai matsalar ɗan ƙarshen layi ta kau.

3.2 Gangare

Abin da mai koyo ya fi mamaki shi ne fitowar ruwa daga bututun da ba a taɓa zuba masa ruwa ba. Dalilin kuwa a lissafe yake. A ranar damina mai zafin digiri 30, idan laimar iska ta kai kashi 80 cikin 100, kowace mita kubik ta iska tana ɗauke da kimanin giram 24 na tururin ruwa. Injin da yake matsa iska zuwa bar 7 a geji yana cusa mita kubik 8 a mazaunin guda ɗaya, wato ya tara giram 190 da 'yan kai. Idan iskar ta huce zuwa digiri 35, abin da za ta iya riƙewa bai wuce giram 40 ba. Ragowar giram 150 sai ta koma ruwa, kamar raɓar asuba a kan ganye. Gareji da yake kusa da gonakin shinkafa masu kwance da ruwa ba ya kuɓuta daga wannan ko da a rani.

Ruwan nan yana cin tanki da tsatsa daga ciki, yana wanke man da yake jikin kayan aiki, yana kuma ɓata fenti da ƙuraje. Maganinsa shi ne dabarar da aka gina magudanun Kadawa a kanta. Ana kafa babban bututu da gangaren santimita 1 a kowace mita, yana sunkuyawa ta inda iska ta dosa. Bututu mai mita 10 zai sauka da santimita 10 ke nan. A ƙarshen gangaren ana sauko da ɗan guntun bututu mai bawul, a riƙa buɗewa kullum a zubar da abin da ya taru. Shi ma tankin injin yana da bawul a gindinsa don wannan aiki.

3.3 Fitar da rassa

Manoman yankin suna jawo ruwa daga ƙaramar magudana zuwa kunya da lanƙwasasshen bututu wanda yake tsallake gaɓa ta sama. Reshen iska ma irin wannan siffa yake ɗauka: a fitar da shi daga saman babban bututu, a lanƙwasa shi kamar wuyan agwagwa, sa'an nan ya sauko jikin bango. Sai dai manufar ta sha bamban, domin manomi ruwan yake nema, bakanike kuwa so yake ya bar ruwan yana gudu a ƙasan babban bututu. Bakin da za a ɗaura tiyo ya fito ta gefen reshen, a bar kamar taƙi ɗaya a ƙasansa da bawul na zubarwa. Reshen mai fenti ya zama na ƙarshe, da matata a bakinsa, domin matata ba ta kama ruwa sai iska ta huce a tafiyar mita 7 ko 8 cikin ƙarfe.

4.0 Inda Misalin Yake Ɓatarwa

Bututun roba na PVC yana ko'ina a wannan yanki, saboda da shi ake haɗa rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa. Yana da araha, ana yanka shi da zarto, a manna da gam. A jikinsa kuma akan rubuta matsin da yake ɗauka, wanda sau da yawa ya ɗara na injin iska. Wanda ya ɗauki iska da ruwa abu ɗaya zai ga babu dalilin sayen ƙarfe.

Dalilin shi ne ruwa ba ya matsuwa. Idan bututun ruwa ya tsage, matsinsa yana faɗuwa nan take, sai dai a jiƙe. Iskar da aka matsa zuwa bar 7 kuwa tana jiran ƙofa ne ta koma girmanta na asali, ninki takwas, cikin ƙiftawar ido. PVC ba ya tsagewa a hankali, tarwatsewa yake yi kamar tangaran, ɓaraguzansa su tashi da kaifi a daidai tsayin fuska. Zafin rana da man injin da yake bin iska suna ƙara masa gautsi, bugun sifana guda kuma ya isa ya tayar da shi. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta fitar da gargaɗi a 1988 kan amfani da shi wajen ɗaukar matsattsiyar iska a sarari. Abin da ya dace shi ne bututun ƙarfe irin na famfo, ko na jan ƙarfe, ko na alminiyon da aka ƙera don iska. Tsakanin injin da bututun bango a sa ɗan gajeren tiyo mai ƙarfi, don kada girgizar injin ta kwance mahaɗai.

Ƙurar hunturu ita ma ba ta da takwara a misalin magudana. Injin ya zauna a inuwa mai iska, nesa da hayaƙin janareto, a riƙa share matatar bakinsa. Bayan an gama haɗi, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda kumfa ta taso, nan yoyo yake.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa Hausa tana da kalmomin da za su ɗauki bayanin matsi da raɓa da gangare ba tare da dogaro ga aro ba, kuma magudanun Kadawa suna ba mai koyarwa misalin da ɗalibinsa ya tashi yana gani. Sharaɗin shi ne a ambaci iyakar misalin a darasi na farko, tun kafin ɗalibi ya je kasuwa sayen bututu. Akwai buƙatar masu nazarin harshe su tattara kalmomin masu faci da makanikai na wannan yanki daga bakinsu, a shigar da su cikin ƙamusoshin keɓaɓɓun kalmomi da littattafan makarantun koyon sana'a na Jihar Kano.