Yadda Ake Ziyartar Wuraren Tarihi da Waya da Kwali

Yaron da ya tashi a Magajin Gari ta Birnin Gwari cikin shekarun nan zai iya ba ka labarin Tsaunin Rema, amma da wuya ya ce ƙafarsa ta taɓa taka shi. Dajin Kamuku da tsaunin ke ciki, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, ga shi a bayan gida, sai dai tsoron 'yan bindiga ya sa iyaye sun hana yara dosarsa. Shi ya sa ɗan akwatin nan da ake saka waya a ciki a leƙa, mutum ya ji kamar yana tsaye a wani gari, ya shiga raina ƙwarai.

A fara da gwada wayar, domin ba kowace ce ke yi ba. A buɗe YouTube, a nemi bidiyo mai lamba 360, a juya wayar dama da hagu. Idan hoton ya bi hannu, to tana da na'urar da ke jin juyi. Idan sai an ja da yatsa yake motsi, a ari wata.

Sai akwatin. Kamfanin Google ne ya fito da fasalinsa a 2014, ya kira shi Cardboard, kuma kwalin taliya mai kauri ya isa. Abin saye kawai gilasai ne biyu masu ƙara girman abu, masu tudu gaba da baya, faɗin kowane milimita 25. A yanka kwali daidai tsawon wayar, a huda ramuka biyu daidai tazarar ƙwayar idon mutum, wato santimita shida da ɗan ɗoriya, a fafe wurin hanci. A tsakiya a tsayar da ɗan kwali ya raba ɗakin biyu, don kowane ido ya ga rabonsa kaɗai. Nan ne asirin yake: hotuna biyu ne masu ɗan bambanci, ƙwaƙwalwa ke haɗa su ta ba su zurfi.

Kada a yi saurin liƙewa. A ajiye wayar kamar santimita huɗu da rabi daga gilasan, a riƙa matso da ita ana ja da baya har rubutu ya fito tar, sannan a sa gam, a ɗaure ta da roba. A shafa wa cikin baƙin fenti don kada haske ya yi ta ƙyalli. Kuma kada a bar akwatin a rana da waya a ciki, gilashin zai tara zafi ya ƙona fuskarta.

Yanzu a danna ɗan hoton tabarau da ke ƙasan bidiyon, fuskar waya ta rabu biyu, a saka, a zauna. Zama dole ne, kuma minti goma ya isa, saboda jiri. Akwai dalar Masar, akwai Makka da Madina. Ko ba kwali ma, manhajar Google Arts & Culture tun 2022 tana zagayawa da mutum masallacin Jenne na Mali, ginin ƙasa na 1907, da kushewar Askiya a Gawo, da shafuka fiye da 40,000 na rubuce-rubucen Timbuktu. Duk wanda ya taɓa cuɗa ƙasa da ƙafa zai tsaya ya ƙura wa itatuwan da suka leƙo daga bangon Jenne ido, waɗanda maginan ke takawa lokacin yaɓen shekara.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaranmu su san bangon Jenne, su jahilci na Tsohuwar Birnin Gwari. Ɗaukar namu ba ta fi ƙarfinmu ba. A sauke manhajar ɗaukar hoton zagaye, a nemi izinin masu wurin, a je da hantsi kafin rana ta take. A tsaya wuri ɗaya, wayar a tsaye kamar an kafa turke, mutum ne zai kewaya ta a hankali, kowane hoto ya ɗan hau gefen na bayansa don ɗinkin ya haɗu. A ɗaga sama, a sunkuya ƙasa.

Hoto bebe ne, saboda haka a tafi da dattijon da ya san wurin, a naɗi muryarsa yana faɗin sunan ƙofa, da wanda ya zauna a nan, da inda marina take. Ga Dogon Ruwa da Goron Dutse da ke cikin Dajin Kamuku kuwa, duk da sulhun da aka yi da 'yan bindiga wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024, kada a shiga sai da shawarar ma'aikatan gandun. An dawo gida, a rubuta sunan wurin da ranar ɗauka, a kwafe a katin waya biyu, ɗaya a kai makarantar unguwa.