Karan Masallaci: Tsiron Da Ba Ya Tsoron Rani

Yau za mu bar zancen gero da gyaɗa, mu dubi wani ɗan tsiro da yawancinku kuka sani da ido, watau karan masallaci. Abin da ya sa na ɗauko zancensa shi ne, a rangadin da na yi kwanan baya na tarad da wani magidanci idonsa ya kumbura suntum. Wai an aike shi jeji neman karan masallaci, ya je ya sari ƙerana, nononta ya fantsamar masa.

Shi karan masallaci ɗan ƙaramin tsiro ne, tsawonsa ƙafa ɗaya ko ɗaya da rabi, kaurinsa kamar ɗan yatsa. Yana tashi cunkus, kara da yawa daga gindi guda. Kowane kara kusurwa huɗu gare shi, kore ne, cike da ruwa, yana tafiya yana sirancewa har can sama. Ganyensa mitsi-mitsi ne, ba ya daɗewa sai ya kaɗe, saboda haka karan ne ke yin aikin ganye. Ba ya mutuwa da kaka kamar ciyawa, shekara da shekaru yana nan inda ka bar shi. Akan same shi a fako da gindin duwatsu, tun daga Sanagal, ta Mali da Nijar da Nijeriya ta Arewa, har Sudan.

Yaya yake yi da rani? Ga dabarar da Allah ya ba shi. Kowane tsiro yana da ƙananan ƙofofi a jikinsa, waɗanda ido ba ya gani, ta nan yake shan iska. Dawa da masara da rana suke buɗe nasu, ruwa ya yi ta fita, shi ya sa kuke ganin sun yi yaushi da azahar. Shi kuwa sai dare ya yi, gari ya yi sanyi, kāna ya buɗe, ya ɗebi iskar ya ajiye. Gari na wayewa ya rufe, ya yi ta haɗa abincinsa da hasken rana. Don haka ba ya saurin girma, amma fa ba ya hasarar ruwa.

Furensa yana fitowa ne wajen tsinin kara, ƙanƙane, yana reto. Baki biyar gare shi kamar tauraro, ja ne mai duhu, launin hanta, da ɗan gashi da ke rawa in iska ta taɓa shi. Ƙudaje ne ke kai masa ziyara, su ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan. In ya yi 'ya'ya sai ka ga kwanso biyu sirara kamar ƙahon akuya. Su bushe su tsage, iri ya fito da farin gashi, iska ta tafi da shi. Wanda ya taɓa ganin kwanson tumfafiya ya fashe ya san abin da nake nufi. Ai dangi ɗaya ne, su da yaɗiya, ko da yake da aka faɗa mana haka a makarantar aikin gona dariya muka yi.

A littattafan masana sunansa Caralluma dalzielii. Wani masani na lambun Kew da ke Landan, N. E. Brown, shi ya raɗa masa a 1912, don girmama Likita Dalziel. Wannan likita ya yi aiki a ƙasar nan, ya bi mutane yana tambayar sunayen itatuwa da Hausa, har ya buga littafinsu a 1916.

To, ga yadda za ku rabe shi da ƙerana da tinya. Ku karya ɗan reshe, fuskarku na nesa. In farin nono ya ɓulɓulo, ba shi ba ne, ku yar, ku wanke hannu. Ruwan karan masallaci garai yake, ba fari ba, ga shi da ɗaci. Kuma ba shi da ƙaya mai suka, sai 'yan haƙora masu taushi a kusurwa. Wanda nonon ƙerana ya shiga wa ido, a yi ta zuba masa ruwa mai tsabta, a kai shi asibiti nan da nan.

Masu magani suna ba da shi don ciwon ciki da sanyin ƙashi, yanzu har da ciwon sukari. Ni ba likita ba ne, amma ina roƙon mai ciwon sukari kada ya ajiye maganin asibiti saboda shi. In yana sha, ya gaya wa likitansa.

Fatake masu sayensa kuwa, abin da ke ɓata mini rai shi ne tumɓuke shi da saiwa. Tsiro mai jinkirin girma, in an tumɓuke, fakon nan ya rabu da shi ke nan. Alhali dasa shi ba wuya. Yanki kara mai tsawon inci shida, ka ajiye a inuwa kwana huɗu ko biyar bakin ya bushe. Sa'an nan ka kafa shi cikin ƙasa mai rairayi, ko a fasasshiyar tukunya. Kada ka sa shi a fadama ko inda indararo ke zuba, gama yawan ruwa shi ke ruɓar da shi. Da rani ban ruwa sau ɗaya a mako ya isa, da damina kuwa ka ƙyale shi.