Sharuɗɗan Katin Bashi da Tsadar da Ke Ƙunshe a Cikinsu

Katin bashi ya bambanta da katin cirar kuɗi da masu asusun banki a Najeriya suka saba riƙewa, domin katin cirar kuɗi abin da mutum ya ajiye yake taɓawa, shi kuwa katin bashi kuɗin banki ake kashewa da shi, zuwa wani adadi da aka ƙayyade a yarjejeniyar da mai katin ya sa wa hannu. Ma'aikatan da ke karɓar koke-koken abokan hulɗa a bankuna sun san cewa da yawa daga cikin jayayyar da ake kawowa kan wannan kati tushenta wani sharaɗi ne da ke rubuce tun ranar farko, wanda mai katin bai karanta ba, ko kuma ba a fayyace masa ba.

Abin da aka fi tallata katin da shi shi ne wa'adin sassauci, wato kwanakin da ake bai wa mutum ya biya kuɗin sayayyarsa ba tare da ruwa ba. Sai dai a yawancin yarjejeniyoyi wannan rangwame na wanda ya biya dukkan bashin watan ne kafin ranar da aka tsayar, kuma da zarar ya bar wani saura, sabuwar sayayyarsa ma takan fara tara ruwa tun ranar da ya yi ta. Cirar tsabar kuɗi da katin a na'urar ATM galibi ba ta da sassauci ko na yini guda, ga cajin da ake ɗorawa nan take, haka nan sayayya da kuɗin wata ƙasa tana da nata cajin canji.

Sharaɗin da ya fi cutarwa shi ne na mafi ƙarancin biya, wato ɗan adadin da banki ke nema kowane wata don kada a lissafa mutum cikin waɗanda suka saɓa alkawari. Misali, idan bashi ya kai naira 200,000, ruwan kuma kashi 3 cikin ɗari ne a wata, to ruwan wata na farko naira 6,000 ne, saboda haka wanda ya biya naira 10,000 bai rage uwar kuɗi ba sai da naira 4,000. Ko da ya daina amfani da katin baki ɗaya, ya ci gaba da biyan naira 10,000 babu fashi, sai ya yi kimanin watanni 31 kafin ya fita, kuma ruwan da zai biya zai kai wajen naira 110,000. Kashi 3 ɗin nan da ake faɗa a wata, wanda ke da daɗin ji a kunne, kashi 36 ne a shekara, idan kuma ruwan da ba a biya ba yana hawa kan bashin, zai haura kashi 42. Wannan ne ya sa Amurka, a dokar katin bashi ta 2009, ta wajabta wa bankuna su rubuta a takardar bayanin kowane wata tsawon lokacin da bashin zai ɗauka idan mafi ƙaranci kawai ake biya, ta kuma tilasta ba da sanarwar kwana 45 kafin ƙarin ruwa. A Birtaniya, tun 2018, dole ne banki ya tuntuɓi wanda ya yi watanni 18 yana biyan ruwa da caji fiye da abin da yake ragewa daga uwar kuɗi.

Akwai kuma sharuɗɗan da ba sa bayyana sai an makara. Bayan tarar jinkiri, yarjejeniya kan bai wa banki ikon cire haƙƙinsa daga duk wani asusun mai katin da ke hannunsa, ciki har da na albashi. A Najeriya lamarin ya ƙara faɗi tun daga watan Agustan 2020, lokacin da Babban Banki ya fara aiwatar da tsarin GSI, wanda ke bai wa mai ba da rance damar karɓar bashin da aka gaza biya daga asusun mutum na wasu bankuna ta hanyar lambarsa ta BVN, matuƙar ya sa hannu kan izinin haka. Sunan wanda ya gaza biya kuma yakan shiga kundin kamfanonin adana tarihin bashi, abin da zai iya hana shi rance a gaba.

Ga Musulmi akwai wani abin dubawa, domin Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi amfani da katin da aka shardanta ruwa a kansa ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya cikin wa'adin sassauci.

Haƙƙi ne a kan ma'aikacin banki ya faɗi ruwan shekara a fili kafin a sa hannu, shi kuma mai neman katin ya nemi a rubuta masa, da naira, abin da zai biya idan ya makara da wata guda. Wanda bai da tabbacin biyan bashin kowane wata gaba ɗaya, gara ya tsaya a kan katin cirar kuɗinsa.