Aradu da wayar tarho

Daga watan Yuni zuwa Satumba, hadari yana tasowa daga gabas da iska da walƙiya da tsawa. Manomi yana murna. Mai kanti da ma'aikacin biro kuwa, hankalinsu yana kan tarho, don da shi suke kiran masu kawo musu kaya.

Walƙiya wutar lantarki ce, irin wadda ke kunna fitila. Amma wutar gida bolt 220 ce, ta aradu kuwa miliyoyi ce. Ba sai aradu ta faɗa kan gini ba sannan ta yi ɓarna. In ta faɗi kusa da turken waya, ko da a wata unguwa ne, ƙarfinta sai ya shiga waya, ya bi ta har cikin ɗaki, ya ƙone tarho. Ƙofa biyu gare ta: wayar tarho da wayar lantarki.

Ba a tare aradu, hanya ake yi mata ta shige ƙasa. A shekarar 1752, wani mutumin Amurka mai suna Benjamin Franklin ya nuna amfanin kafa sandar ƙarfe mai tsini bisa gini. Ku duba ƙolin dogayen eriyoyin salula, za ku ga irinta. Ita gini take karewa. Tarho kuwa, ƙaramin akwati ake sa masa daidai inda waya ke shiga gida. In wuta ta yi yawa, akwatin ya karkata ta zuwa wata waya mai kauri ta jan ƙarfe. Wayar nan tana ɗaure da sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa.

Nan ne wuyar take a ƙasarmu. Busasshen rairayi ba ya shan wutar lantarki sosai, sai ƙasa mai laima. Saboda haka ake kafa sandar da zurfi, metir 2 ko fiye, wasu har su zuba gawayi da gishiri cikin ramin. In wayar ta tsinke, ko akuya ta tumɓuke ta, akwatin ya zama kwalliya kawai. Kowace shekara a duba ta kafin ruwan farko.

In hadari ya matso, a zare wayoyin nan biyu daga bango. Kada a yi magana da tarho mai waya ana tsawa. Salula ba komi, in dai ba ta kan caji.

Aiki

1. Ƙara tana tafiyar kilometir 1 cikin daƙiƙa 3. Kun ga walƙiya, kun ƙirga daƙiƙa 9, sannan kuka ji tsawa. Nisa nawa ne tsakaninku da aradu?
2. Don me ake kafa sandar ƙasa da zurfi?
3. Ku zana hanyar da aradu ke bi daga turken waya zuwa ƙasa.