Tsokokin Cikin Gadon Baya da Aikin Dako a Jibiya

Garin Jibiya na Jihar Katsina yana bakin iyakar Nijeriya da Nijar, a kan hanyar Maraɗi, kuma hatsi na cikin manyan kayan da ake hada-hadarsu a kasuwarsa. Kafin buhu ya hau mota sai ya hau bayan mutum. To, mene ne yake riƙe da wannan baya?

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa 33 ne: 7 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a kwankwaso, sauran 9 kuma sun haɗe a ƙasa. Shi kaɗai ba ya iya tsayawa da kaya. Manyan tsokokin da ake gani a bayan ɗan dambe ma ba su ne ke riƙe shi ba, domin aikinsu motsa kafaɗa da hannu ne. Masu riƙon suna ƙarƙashinsu.

Rukuni mafi girma shi ne na tsokoki masu miƙar da baya. Igiyoyi uku ne a kowane ɓangare, sun taso daga ƙugu, wata ta kama haƙarƙari, wata ta kai har ƙashin bayan kunne. Ƙarƙashinsu akwai gajeru. Wadda masana ke kira maltifidus takan tsallake ƙashi 2 zuwa 4, kuma ta fi kauri a kwankwaso, inda take hana ƙasusuwan gocewa. Can ƙasa kuma akwai 'yan mitsi-mitsi masu haɗa ƙashi da maƙwabcinsa. Ƙarfinsu kaɗan ne, amma suna cike da jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda bayan ya karkata.

Abin lura shi ne, masu miƙar da baya suna ja ne daga tazarar kamar santimita 5 kacal daga tsakiyar ƙashin. Mu ɗauka ɗan dako ya sunkuya ya ciccibi buhu mai kilo 50, buhun yana santimita 40 daga kwankwasonsa. Tazarar buhun ta ninka tasu sau 8, saboda haka sai sun yi jan da ya kai nauyin kilo 400, ban da nauyin ƙirji da kai. Wannan ja kuwa a kan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan yake sauka. In ya rungumo buhun zuwa santimita 20, sai lissafin ya koma 200. Shi ya sa gogaggen ɗan dako yake neman a ɗora masa, ba ya son ɗagowa daga ƙasa shi kaɗai. A ganina ya fi wasu masu digiri sanin wannan lissafi.

Malamai na iya gwada wani abu a aji. Ɗalibi ya dafa gefen ƙashin kwankwasonsa da yatsu, ya ɗan sunkuya, zai ji tsokokin sun yi tauri. In ya sunkuya gaba ɗaya sai su saki, su bar wa jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan nauyin duka. Fizgar kaya a wannan hali, musamman da murɗa ƙugu, yana daga cikin hanyoyin samun ciwon baya.

A 1996 masu bincike a Jami'ar Kwinslan ta Ostareliya sun nuna cewa maltifidus takan motse bayan ciwon kwankwaso, kuma ba ta komawa yadda take don kawai zafin ya lafa, sai an motsa ta da atisaye na musamman. Wannan matsala ce ga mai neman abincin yau da bayansa, wanda da ya ji sauƙi zai koma bakin mota.