Amsar Tambaya: Addini Ne Ke Ɓata Duniya?

Wani matashi daga Tudun Wada, Gombe, ya tambaya: ba addini ke haddasa fitina ba? Kuma me Kiristoci ke nufi da ceto?

Ɗana, tambayarka na da tushe. Gombawa ba su manta harin cocin Deeper Life na Janairun 2012 ba, inda aka kashe masu ibada. Amma masu harbin son zuciyarsu suka bi. A koyarwar Kirista, cutar tana cikin zuciyar ɗan Adam, wato zunubi. Aikin kirki ba ya sayen ceto. Alherin Allah ne, ta wurin mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa. Musulmi sun saɓa a nan. Zauna da maƙwabcinka Kirista, ka tambaye shi cikin ladabi.