"Idan" da "Sai": Sharaɗin Wadata da Sharaɗin Dole a Bakin Bahaushe

Da hutun bara na je gida Ɗan Issa, garinmu da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, na tarar da kawuna cikin farin ciki. Ya ji wani malami yana ce wa wani mai garke, "Idan tumakinka sun kai hamsin, ai ka cika nisabi." Da yake nasa 45 ne, sai ya ɗauka zakka ba ta hau kansa ba. Malamin bai faɗi kuskure ba. Kawu ne ya ji abin da ba a faɗa ba.

Bari mu sa x a madadin yawan tumaki. Nisabinsu a fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, arba'in ne, wato x ≥ 40. Sharaɗin da malamin ya ambata, x ≥ 50, sharaɗin wadata ne: duk wanda ya cika shi ya kai nisabi, amma ana iya kai nisabi ba tare da shi ba, kamar mai 45. Shi kuwa x ≥ 30 sharaɗin dole ne: ba mai kai arba'in bai bi ta kan talatin ba, sai dai mai 35 ya cika shi kuma bai kai nisabi ba. Ke nan iyakar da ta fi ta asali tsanani tana wadatarwa, wadda ta fi ta sassauci kuwa dole ce kawai. Sharaɗin x ≥ 40 ya haɗa siffofin biyu, amma ga nisabi kaɗai. Game da wajabcin fitarwa, dole ne shi ma bai wadatar ba, domin sai shekara ta zagayo.

Abin da ya kamata ya ja hankalin ɗalibin ilimin ma'ana shi ne, Hausa ta riga ta raba waɗannan. "Idan" tana gabatar da sharaɗin wadata. "Sai" bayan korewa tana gabatar da na dole: "Ba ka cika nisabi sai sun kai arba'in." To me ya sa kawu ya gauraya su? Geis da Zwicky sun bayyana wannan ɗabi'a a 1971: mai sauraro yakan ɗauki "idan" tamkar an ce "sai idan". Wannan fahimtar zance ce, ba ma'anar kalmar ba, shi ya sa ake iya warware ta da ƙarin "ko da ba su kai haka ba ma" ba tare da an yi tufka da warwara ba.

Aikatau ma sun yi nasu rabon. "Ya kai" shi ne ≥, "ya wuce" shi ne >, "bai kai ba" <, "bai wuce ba" ≤. Tunkiya guda ake bayarwa muddin 40 ≤ x ≤ 120, wato sun kai arba'in, ba su wuce ɗari da ashirin ba. A ganina jimlar Hausar ba ta gaza alamun da komai ba.

Sai dai a yi hattara. A tumaki, "sun wuce 39" da "sun kai 40" abu ɗaya ne, tunda ba a ƙirga rabin tunkiya. A makarantun Nijar, inda ake auna maki bisa 20, ɗalibi mai tara da rabi ya wuce tara amma bai kai goma ba.

Da na warware wa kawu haka, ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai yaro, ashe karatun naka tunkiya zai ci mini."